Balbelun Gidan Mama Saratu

Dukan farko da na gani a wannan tafiya ba ni aka yi wa ba, saboda haka na kalle shi cikin natsuwa, kamar yadda ya dace da mai ilimi.

A Numan ne. Motar da na shiga a Gombe, wadda ɗan kamasho ya dafa ƙirji ya rantse mini har Jalingo za ta, ta ci burki a bakin titi, direba ya kashe ta ya ce iyakarsa ke nan. Fasinjoji suka yi masa ca. Wani ɗan tireda mai safarar bokitai ya shaƙe kwandasta, kwandasta ya laluɓo sufana a ƙarƙashin kujera, kafin a shiga tsakani goshin mai bokitai ya dare. Jini na bin gemunsa yana ɗiga cikin hajarsa, ɗis, ɗis, kamar mai gwada ko bokitin na yoyo. Ni kuwa ina gefe rungume da jakata, ina tuna cewa a nan ne Gongola ke zuba cikin Binuwai, abin da na sha zana wa ɗalibai a allo ban taɓa gani da idona ba. Amfanin darasin labarin ƙasa ke nan: zai gaya maka daidai inda kake, ba zai gaya maka yadda za ka bar wurin ba.

Na bar wurin a bayan wata babbar mota mai ɗauke da siminti. Haka na shiga Jalingo fari fat, tun daga hula har takalmi.

Daga Funtua na fito. Malamin makaranta ne ni, an kuma ce sabuwar jihar da aka yanka tana neman malamai ruwa a jallo. A jakata akwai takardun shaida, 'yan tufafi, ƙaramar rediyo, sai kyamara. Kyamarar tsohuwa ce 'yar Rasha, mai nauyin dutsen niƙa, da dogon gilashi kamar bututu. Wanda ya sayar mini da ita a Zariya ya ce ko daga kan bene ta faɗo, ƙasa ce za ta ji jiki. Daga baya na samu damar tabbatar da maganarsa.

Jalingo a lokacin gari ne da aka tayar daga barci aka ce masa: tashi, daga yau kai ne babban birni. Ko fuska bai wanke ba. Ma'aikata sun kwararo daga Yola da katifunsu, wasu na kwana a ofis, wasu a aji. Duk inda ka duba, in ba haƙa ake yi ba to rushewa ake yi. Duwatsun da suka kewaye garin ne kaɗai ba a ce su matsa ba.

A Kasuwar Jalingo na tsaya tambayar masauki, wani mahauci ya ji Hausata ya ajiye wuƙa.

"Kai! Wannan bakin na ƙasar Katsina ne. Daga ina?"

"Funtua."

"Allahu akbar! Ni Bakori. Sale sunana. Ɗan gida, wa ya jefo ka ƙasar doya?"

Ya rungume ni, jinin hannunsa ya haɗu da simintin rigata. Ya ce in bar jakata a rumfarsa in je in kai takarduna, ai ɗan'uwa ba ya yawo da kaya alhali ɗan'uwansa na da rumfa. Kyamara kawai na rataya a wuya. Da na dawo, babu rediyo.

"Ɓeraye, Malam," in ji Sale, yana girgiza kai cikin jimami. "Ɓerayen garin nan ba su da tsoron Allah."

Daga baya, kullum da safe nakan ji ɓerayen suna sauraren labaran duniya ta bayan katangarsa.

Amma in faɗi gaskiya, shi ya samo mini ɗaki. Ya kai ni wata unguwa da ke gangarowa daga bayan kasuwa zuwa rafi. Ba zan faɗi sunanta ba, don ko na faɗa ba za ka same ta ba. Unguwa ce ta kowa da kowa: Fulani, Mumuye, Jukun, Hausawa, duk suna zagin juna da Hausa ɗaya, suna aron garwashi a gidajen juna. Gidan da ke jikin na Sale na wata bazawara ce Mumuye mai sayar da doya, Mama Saratu. Doguwa ce kakkaura, mai damatsa irin na wadda ta shekara tana ɗaga taɓarya. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce tica?"

Na waiga in ga ko akwai wata a bayana. Babu. Hausar Mama ba ta damu da wane ne namiji wace ce mace ba, ita ma kanta ba ta damu ba: kowa ɗanta ne, kowa kuma zai sha faɗa.

"Ɗaki yana nan. Amma tsuntsu yana kashi a kan kwano safe da yamma. In ba ki so, tafi unguwar Turaki, can ne masu takalmi."

Na ɗaga kai. A tsakiyar gidan akwai wani maɗaci wanda mutum uku ba za su haɗa hannu a gindinsa ba, rassansa sun rufe gidan Mama da na Sale da rabin layin. La'asar ce sakaliya. Ina tsaye sai ga balbelu suna dawowa daga kiwo, ayari bayan ayari, daga wajen rafi, suna sauka har bishiyar ta koma kamar gonar auduga da aka rataye a sama. Na ce na karɓi ɗakin. Ban ma leƙa cikinsa ba.

Gidan nan shi ne duk abin da Mama ta mallaka, shi ne kuma kalandarta. Mijinta marigayi leburan hanya ne, ɗaki-ɗaki ya gina shi, duk shekarar da doya ta yi kyau a ƙara guda. In ka tambaye ta yaushe abu kaza ya faru, sai ta nuna maka bango. "Wancan ɗaki, shekarar da na haifi Yohanna. Wannan, shekarar da ruwa ya ci gona, shi ya sa ya yi ƙarami." A gefen ƙofar shiga akwai shatin tafin hannun mijin, da ya dafa siminti tun yana ɗanye. Duk safiya in za ta fita kasuwa sai ta ɗora hannunta a ciki, ba tare da ta duba ba, kamar mai gaisawa a kan hanya.

Na samu aiki a wata sakandare, na kuma yi aboki, wani malami da ke zaune a Turaki. Watannin farko sun yi mini wuya. Doya da safe, doya da rana, sakwara da dare, har na fara mafarkin tuwon dawa kamar yadda samari ke mafarkin 'yan mata. Zazzaɓi ya kwantar da ni, ina sambatu ina kiran Inna. Mama ta ji. Ta tafi kasuwa ta tambayi matan Hausawa, ta dawo da garin kuka ta yi mini miya. Ban taɓa cin miyar kuka mai muni irin wannan ba. Ta yi kauri kamar kunun gini, ta kuma zuba mata manja. Na cinye tas ina hawaye, ita tana tsaye a kaina tana cewa, "Yaji ya yi yawa ko?"

Da na warke na koma wa sha'awata. Ranar Asabar nakan hau duwatsun da ke hanyar Iware neman gwaggon biri. Sau ɗaya na same su kusa, amma manoma sun riga ni. Karnuka sun rutsa wani babba a bakin kogo, sun farke masa ciki yana kururuwa kamar mutum, wani manomi ya ƙarasa shi da gatari, aka soke gawar a kan sanda a gefen gona don 'yan'uwansa su gani. Hasken ranar ya yi kyau ƙwarai. Na ɗauki dutsen da ke bayan gonar, na kauce wa sandar. A wannan na ƙware: ka matsa taku kaɗan hagu, ka ɗan ɗaga hancin kyamara, duk abin da ba ka son gani ya fita daga hoto.

Haka nake yi wa balbelun gida. Da damina ta sauka suka yi sheƙa, kawunansu suka yi ja-ja kamar an shafa musu lalle. Ina son in same su da sararin sama kaɗai a bayansu, babu tsatsar kwano, babu igiyar shanya, babu zanin kowa. Don haka na riƙa zagaya unguwar ina neman wurin tsayawa. Yau ina ƙofar gidan wannan, gobe ina kan katangar wancan, dogon gilashina na kallon sama ta kan rufin mutane. Fim na da tsada, wankewa kuma sai an aika Yola a jira. Ba ni da na ɓarnatarwa.

Ranar Sallah Sale ya shigo da sabuwar shadda, hula a karkace.

"Ɗan gida, ɗauke ni guda, in aika Bakori su ga ban mutu ba."

"Ba na ɗaukar mutane, Sale."

"To me kake ɗauka?"

"Tsuntsaye. Duwatsu. Gajimare wani lokaci."

"Su suke biyanka?"

"Babu mai biyana."

Ya tsaya yana kallona, murmushin ya tsaya a fuskarsa amma ya daina aiki. "Babu mai biyanka," ya maimaita. "To madalla."

Matan zumunta na cocin su Mama ma sun zo da ankonsu, na ba su haƙuri. Wani ango ya aiko, na ba shi haƙuri. Ina ganin ina kare darajar fasaha.

Akwai wani dattijo Bafulatani, Bappa Hammadu, mai zama a ƙofar masallacin unguwa yana tufkar igiya. Wata rana na wuce da kyamara ya kira ni.

"Jam na, Mallum?"

"Jam, Bappa."

"Zauna. Masu hoto biyu muka sani a garin nan. Na ɗaya yana ce maka ka tsaya, ka gyara hula, ka yi dariya. Na biyu ba ya ce maka komai. Ba kai yake kallo ba, gidanka yake kallo. Bayansa mai jan fenti, bayan mai jan fenti katafila. Kai ban taɓa jin ka ce wa wani ya yi dariya ba."

"Bappa, ni na uku ne."

"Babu na uku," in ji shi, ya ci gaba da tufka.

Na san tsarin da yake nufi, na gan shi a wasu unguwanni. Wani ya zo ya ɗauki hoton gida don a ajiye a fayil, wani ya zo ya zana jar alama a bango, sannan katafila ta zo ta kammala bayani. Kuma ba zan ɓoye ba, sabon garin yana burge ni. Malamin labarin ƙasa na son miƙaƙƙen layi. Ina son faffaɗan titin da aka shimfiɗa, da magudanan ruwa na kankare, da sandunan fitila a jere kamar ɗalibai a filin taro, ko da yake har na bar garin ban ga sun kama ba. Nakan tsaya a sabon shatale-tale in ji kamar taswira ce ta sauko ƙasa. Mutanen da ke zaune a inda titin ya bi kuwa, na ɗauka sun matsa taku kaɗan hagu.

Jan fentin ya zo unguwarmu ran wata Laraba ina makaranta. Ko an aiko mai hoton hukuma kafin nan, ban sani ba. Babu wanda ya gan shi. Mutum ɗaya kaɗai aka gani yana bin gidaje da kyamara bai ce wa kowa komai ba.

Da na dawo, layin ya yi tsit. Jar alama a kowane bango, fentin ya tsiyayo kamar an yanka wani abu a sama. Ta gidan Mama a kan tafin hannun mijinta ta bi. Na yi sallama a ƙofar masallaci, ba a amsa ba. Rediyona ma, ta bayan katangar Sale, ta yi shiru.

Mama na zaune a kan turmi a kife. Ba ta kuka.

"Tica, ɗauki wannan abu naki, tafi Turaki wurin abokinki. Yau."

"Mama, zan yi musu bayani."

"Bayani." Ta dube ni kamar mai duban doyar da ta fara ruɓa ta ciki. "Mutum gidansa zai faɗi, yana da kunne?"

Malamin makaranta ya yi imani da bayani kamar yadda boka ya yi imani da turare. Na zauna. Na ajiye kyamara a ƙarƙashin gado, na riƙa fita da wuri ina dawowa kai a sunkuye. Aka jefi rufin ɗakina da dutse, na ce yara ne. Aka zuba jinin yanka a bakin ƙofata, na ce kuskure ne. Mama ta wanke da kanta.

Katafila ta zo ran Asabar da hantsi, kafin cikar wa'adin tashi da hukuma ta ba mu, da motar 'yan sanda a bayanta. Daga gangaren rafi ta fara. Unguwa ta hargitse. Maza suka hau rufin gidajensu suna ɓamɓare kwano da hannunsu don su tsira da shi, mata na jan katifu da tukwane zuwa titi. Wasu samari suka jeru a gaban katafila. 'Yan sanda suka sauko da bulala da gindin bindiga. Na ga an doki wani a baki haƙoransa sun zubo a tafin hannunsa, ya tsaya yana kallonsu kamar canjin da aka ba shi bai cika ba. Aka harba barkonon tsohuwa, wata mai goyo ta faɗi cikin kwata. Samarin suka watse suna tari, idanu jajur, hannuwansu cike da duwatsun da ba su sami wanda za su jefa ba.

Mama ta tafi neman motar kwasar kaya. Ni ina tsakar gida, na ɗaga kai na ga maɗaci. Sheƙuna cike da 'ya'ya, ko gashi bai gama fito musu ba, iyayen na shawagi suna ƙara. Sai lissafi ya zo mini, irin na aji: titin miƙaƙƙe ne, bishiyar tana kan layi, saboda haka yau ce ranarta ta ƙarshe. Na shiga ɗaki na jawo kyamara. Na hau katangarmu ta bakin layi, dab da gidan Sale, inda haske ya fi kyau, na sa idona na dama a ramin kallo.

"Ga shi nan!"

Muryar mutumin Bakori ce.

"Ga munafukin nan! Ya fito duba aikinsa!"

Aka ja ƙafata. Na faɗo ta waje, bayana ya bugi ƙasa, numfashina ya ɗauke. Kafin ya dawo sun rufe ni. Wanda ba a taɓa yi wa dukan taro ba yana zaton zafi ne abin da ake fara ji. Ba shi ba ne. Ƙara ce, da ƙura a baki, da mamakin cewa ka san takalman. Na gane silifas ɗin telan layinmu, na gane ƙafar mai shayin da nake saya a wurinsa kowace safiya. Sale ya buge ni a haƙarƙari da ƙotar gatarin da yake sara ƙashi, na ji wani abu ya amsa a ciki. Ina ta cewa, "Ku tsaya in yi bayani, tsuntsaye ne, tsuntsaye ne," wani ya cika mini baki da diddige.

Igiyar kyamara tana wuyana, suka ja ta har na ga duhu, sannan ta tsinke. Wani ya kama ragowar igiyar ya wulwula 'yar Rasha a sama kamar majajjawa, ya sauke ta a gefen fuskata na dama. Mutumin Zariya bai yi ƙarya ba. Ko lotsawa ba ta yi ba.

Daga nan da ido ɗaya na ga sauran. Na ji an ce, "A kawo taya!" Na ji wani ya amsa cewa akwai fetur a babur ɗinsa. Aka gungaro tayar, tana tafe tana rangaji, aka zura mini ita ta ka har ta tsaya a kafaɗu. Warin fetur ya rufe na jini. Abin da na tuna shi ne ban yi salati ba tukuna, kuma bakina ya ƙi haɗa kalmomin.

Sai taron ya tsage ta baya. Mama Saratu ce, da taɓarya. Ba ta yi wa kowa magana ba sai da ta kai mutum biyu ƙasa. Mai fetur ta same shi a gwiwar hannu, galan ya yi tsalle. Ta iso kaina, ta fizge tayar ta jefar, sannan ta zauna a kaina. Zama sosai, da duk nauyinta, a kan haƙarƙarin da Sale ya riga ya karya. Ta kafa taɓarya a ƙasa.

"To, kawo ashana. Ƙona mu biyu."

"Mama, tashi!" in ji Sale. "Shi ya kawo su! Macijin da kika ajiye a gida!"

"Kai ka kawo shi gidana, ɓarawon rediyo! Duba bango na. Ja ne ko ba ja ba? Wane mahaukaci zai rushe ɗakin da yana kwana a ciki?"

"An biya shi!"

"An biya shi? Wannan? Takalminsa ɗaya, ni nake ba shi sabulu! Wannan ba ɗan gwamnati ba ne. Wawa ne kawai. Wawan tsuntsu!"

Na karɓi takardun shaida iri-iri a rayuwata, babu wadda ta yi mini amfanin wannan.

Sale bai haƙura ba. Ya ɗauki kyamarar ya danna nan ya ja can har bayanta ya buɗe. Ya zaro fim ɗin gaba ɗaya, ya ɗaga shi ga rana don jama'a su ga gidajensu a ciki. Suka matso suna leƙe. Babu komai, sai dogon zare mai ruwan toka, kamar kowane fim da ba a wanke ba.

"Kun gani?" ya yi ihu. "Ya goge!"

Da ina da haƙarƙari da na yi dariya. Ban san yadda za ta ƙare ba da katafila ba ta iso ba. Ta ture katangar tela, kowa ya tuna yana da abin da bai fitar ba, taron ya watse kamar an tashi aji. Bappa Hammadu da Mama suka ja ni zuwa tsallaken layi, suka jingina ni da buhun doya.

Daga nan na kalli faɗuwar gidan. Ɗakin shekarar Yohanna ya fara tafiya, sannan ƙaramin na shekarar ambaliya. Bangon ƙofa, mai tafin hannu, tura ɗaya ya ci. Maɗacin ne ya ba su wahala. Suka haƙe gindinsa, suka sassare saiwoyi, katafila ta ja baya ta sa kafaɗa, ta sake, ta sake. Da ya tafi, ƙasa ta girgiza har cikin ƙashina. Balbelu suka tashi gaba ɗaya kamar an yayyaga farar takarda an watsa sama, 'ya'yan kuma suka zubo kamar ƙanƙara, tsirara, suna buɗe baki a cikin ɓaraguzai. Shirwa ta sauko. Karnukan unguwa, waɗanda su ma ba su da gida yanzu, suka shiga kalaci. Mama na tsaye, hannunta ɗaya a buɗe a gefenta, kamar tana neman inda za ta dafa.

Na daɗe a asibiti. Haƙarƙari ya haɗe. Idon dama bai dawo ba. Likita ya ce in gode Allah, na gode. Bappa ya riƙa aiko mini da kindirmo. Sale bai zo ba. Na haɗu da shi sau ɗaya daga baya a kasuwa, ya hango ni, ya tsallaka ya bi ta damana, inda ba na gani. Ɗan gida ne, ya san inda zai bi.

Mama ta koma Iware, gefen gonar ƙaninta. Ita ta tsirar da jakata. Ranar da ta kawo mini ita asibiti ta zauna a bakin gado tana murza gefen zaninta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Tica. Kin ɗauka, kin ɗauka, kullum kin ɗauka. A ciki akwai gidana?"

Na ce zan duba.

Na zazzage duka hotunan da aka wanko mini a Yola a kan gado, na bi su ɗaya bayan ɗaya da idon da ya rage. Balbela a kan reshe. Balbela da tsinke a baki. Balbelu a jere, sama shuɗiya a bayansu, tsaf, babu kwano, babu igiya, babu zani. Aiki mai kyau ƙwarai. Ana iya cewa a tsakiyar daji aka ɗauke su, inda ɗan Adam bai taɓa takawa ba. Damina guda na yi a gidan, ban bar ko kusurwar rufinsa ta ɓata mini hoto ba.

Sai na tuna da wanda ya lalace. Wata yamma ina kan katanga, Mama ta fara daka, tsuntsayen suka firgita, ƙafata ta zame, yatsana ya danna ina cikin faɗowa. Da aka wanko shi na ji haushin asarar fim, na cusa shi cikin littafin taswira ina sa alamar shafi da shi. Na buɗe littafin. Yana nan, tsakanin Asiya da Ostireliya.

Babu balbela ko ɗaya a ciki. Gida ne a karkace, kamar jirgin ruwa zai nutse. Ga jerin ɗakuna, ga igiyar shanya, ga gindin maɗaci. Ga Mama da taɓarya a sama, baki buɗe, tana yi mini faɗan hawa katanga. A gefen ƙofa, in ka matso da shi kusa, ga wani ɗan duhu mai yatsu biyar.

Da aka sallame ni na kai mata Iware ranar kasuwa. Motar ta bi ta sabon titin. Miƙaƙƙe ne, babu laifi, na kasa gane ko a ina gidan yake. Na same ta a wata bukka mai bangon laka, sabon yaɓe. Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta daɗe tana kallo. Ta kai ɗan yatsa kan ɗan duhun nan, ta bar shi a wurin.

"Me ya sa ya karkace?"

"Faɗowa nake yi lokacin, Mama."

"Na gaya miki kar ki hau."

Ta shiga ciki ta fito da ƙusa da dutse. Ta ɗora hoton a bango, ta juya shi a hankali, kusurwa ɗaya sama, ɗaya ƙasa, tana ja da baya tana dubawa, har ɗakunan suka tsaya daidai a kan ƙafafunsu. A nan ta buga ƙusar. Takardar ta rataye a karkace, gidan yana tsaye.

"Yauwa," in ji ta. "Zauna, Tica. Na sa doya a wuta."